Ranar Al'adu A Jami'a: Ina Aka Baro Mutanen Gari?

Duk wanda ya yi karatu ko koyarwa a wata jami'a ta Arewacin ƙasar nan ya san yinin nan da ake kira Ranar Al'adu, ko kuma Makon Hausa a inda ƙungiyar ɗalibai take da ƙarfi. Tun da hantsi za a kafa rumfuna, a jera kujeru, samari su sha rawani da alkyabbar aro, 'yan mata su ɗauko ƙwarya da faifai, a naɗa wannan Sarki, wancan Waziri, wancan Galadima. Babban baƙo ba zai iso ba sai bayan azahar, sannan a shiga jawabai bakwai ko takwas, fiye da rabinsu da Turanci, a kira masu ba da gudummawa, a ɗauki hotuna, a watse. Na shafe sama da shekara 20 ina halartar irin wannan taro, tun ina ɗalibi har na zama malami, kuma ba na raina ƙoƙarin yaran da ke haɗa kuɗin aljihunsu su shirya shi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mutanen da ba a gani a wurin, wato masu al'adar kansu: maƙeri da masaƙi da maginar tukwane da tsohuwa mai tatsuniya, da kuma yaran garin da jami'ar take zaune a cikinsa.

Wani abu da ya faru a gabana ne ya sa na ɗauki alƙalami. A 'yan shekarun baya, a wata makaranta da ba sai na kama sunanta ba, masu shirya biki sun yi dabarar ɗauko wani dattijo masaƙi, Bakatsine, da kayan aikinsa. Da aka kawo shi sai aka ajiye shi can bayan rumfar manyan baƙi, a gindin wata darbejiya, aka manta da shi. Ana can ana ta jawabi, shi kuwa ya kafa masaƙarsa ya kama aiki, domin ba zai iya zama hannu rabbana ba. Kafin a ce kwabo yara sun kewaye shi, 'ya'yan ma'aikata da 'yan talla da almajiran da suka sulalo ta ƙofa, har da 'yata mai shekara tara da na zo da ita. Sai ga ta tana tambayarsa sunan abin nan da yake jefawa tsakanin zare. Ya ce mata ƙoshiya ce, abin da ke cikinta kuma kwarkwaro. Ya nuna musu allera da matsefi, ya nuna musu kunkuru, wato katakon nan da ake ɗora wa dutse yana jan zaren daga nesa, yara suka fashe da dariya jin an kira katako kunkuru. A cikin rabin awa yarinyar nan ta koyi kalmomi goma sha wani abu, waɗanda ni mahaifinta, da duk digirina a kan harshe, ban taɓa koya mata ko ɗaya ba. Hasali ma akwai guda biyu da ni kaina sai da na koma gida na buɗe ƙamus. Da taro ya tashi kuwa, dattijon nan bai ji ko sunansa a bakin mai gabatarwa ba.

Mu da muke nazarin harshe mun san cewa kalma ba ta rayuwa ita kaɗai, a jikin aiki take rayuwa. Idan mata suka daina kaɗi, to mazari da shiɓa da sutu da abawa da alli sun kama hanyar kushewa, ko da kuwa suna nan rubuce a littafi. Idan maƙera ta rufe, yaro zai girma yana jin an ce “a bugi ƙarfe da zafinsa” ba tare da ya taɓa ganin uwar maƙera ko zuga-zugi ko awartaki ko masaɓa ba. Ƙamusun Bargery da ya fito a 1934 cike yake da irin waɗannan kalmomi, kuma mai duba shi zai riƙa cin karo da alamar da ke nuna cewa kalma kaza Katsinanci ce. Daga bakin talakawa aka tsinto su, kamar yadda aka tsinto tatsuniyoyin da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913, da waɗanda marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara cikin Tatsuniyoyi Da Wasanni a farkon shekarun 1970. Mu 'yan baya mun daɗe muna cin gajiyar wannan rumbu, muna rubuta kundi a kan kundi, amma nawa ne daga cikinmu suka koma ƙauye suka zuba ko da tiya guda a cikinsa?

Akwai kuma wani ciwon da ba mu cika son faɗa ba. Yaron da ya tashi a ƙasar Kurfi yana cewa “hwara” da “shina zuwa” da “ɗiyata”, da zarar ya shigo jami'a sai ya fara jin kunyar bakinsa, ya koma kwaikwayon Kananci ko Hausar fim, domin kada a ce masa baƙauye. Daidaitacciyar Hausa tana da muhallinta a aji da jarida, ba mai ja da wannan. Amma karin harshe ba kuskure ba ne, dukiya ce, kuma babu wa'azin da zai fahimtar da yaro haka kamar ya ga an ba kakarsa lasifika a harabar jami'a, tana magana da bakin garinsu, farfesoshi suna zaune suna saurare.

Dalilin da ya sa na karkata ga Dutsin-Ma shi ne, ba kowane gari ne Allah ya haɗa wa abin da ya haɗa mata ba. Ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, wadda ta daɗe tana yaye malaman makaranta, ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, ga madatsar ruwa ta Zoɓe da masuntanta da manoman ranin da ke kewaye da ita. Kurfi kuwa tana nan a kan hanyar Katsina, tafiyar da ba ta kai ta gajiyar da tsoho ba. Ƙasar 'Yanɗaka da ƙasar Maraɗi tsofaffin gundumomi ne na masarautar Katsina, masu maƙera da majema da dukawa da masassaƙa, ga Fulani da nasu adon ƙwarya da na kitso. Ɗaliban da ke karatu a garin sun fito daga sassan Nijeriya daban-daban, kuma da yawansu za su kammala su tafi ba tare da sun san wani ɗan gari ba ban da mai gidan haya da ɗan acaɓa da mai shago. Mutanen gari su ma, in ka cire masu aiki a ciki, abin da suka sani game da jami'a bai wuce katanga da mai gadi ba. Zama ne na 'yan marina, kowa da inda ya sa gaba.

Sai kuma babbar magana, wadda ba a tsallake ta. Yankin nan ya sha wuya a hannun 'yan bindiga. Ba a manta da ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 da aka kwashe a watan Disamba na 2020 ba. A 2021 an rufe kasuwannin dabbobi, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, Dutsin-Ma da Kurfi suna ciki. A watan Oktoba na 2023 aka sace ɗalibai mata biyar na jami'ar daga gidan da suke haya a cikin gari. Ana lissafa rayuka da dukiyar da aka yi asara, kuma su ne a gaba, amma akwai wata asarar da ba ta shiga lissafi. Makarantar al'adar Bahaushe ta farko ita ce dandali da farin wata: a can ake gaɗa da langa da ɗan akuyana da kacici-kacici, a can ake kalankuwa bayan an kawar da amfanin gona. Ƙauyen da ake rufe ƙofa tun magariba ba shi da dandali. Iyalin da suka yi gudun hijira zuwa cikin gari suka cunkushe a ɗaki guda, tsohuwarsu ba ta da sukunin “ga ta nan, ga ta nanku”. Akwai yara 'yan shekara goma a yankin nan da ba su taɓa ganin wasan dare ba. Idan haka ne, wuri mai katanga da fili da masu tsaro, wanda kuma dukiyar jama'a ce ta gina shi, ya kamata ya ara wa waɗannan yara dandali, ko da yini ɗaya ne a shekara, kuma da rana tsaka.

Abin da nake nufi ba sabon abu ba ne a duniya. A birnin Washington na Amurka, tun 1967 cibiyar Smithsonian take shirya bikin al'adun gargajiya a fili, inda masu sana'a ke zuwa su yi aikinsu a gaban jama'a, malaman jami'a kuwa aikinsu shi ne gabatar da su da yi musu tafinta. A nan gida, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Alhaji Mamman Shata, mutumin Musawa maƙwabciyarmu, digirin girmamawa a 1988, alhali bai taɓa zama a ajin boko ba. Wannan shaida ce cewa jami'a ta taɓa yarda akwai ilimi a bayan katangarta. Sai dai Shata ɗaya ne, sunansa kuma ya riga ya cika duniya kafin a kira shi. Ina magana ne a kan waɗanda ba a san sunansu ba bayan unguwarsu.

Yadda nake hango yinin, jawabi ɗaya ya isa, shi ma kada ya wuce minti goma, kuma da Hausa. A ba kowane mai sana'a inuwarsa da ɗalibi guda da zai tsaya tare da shi, yana fassara wa baƙi, yana rubuta kalmomin da ya ji, yana ɗaukar murya da izinin mai ita. A bar yara su taɓa: su murza yumɓu, su ja zuga-zugi, su gwada mazari. A ware rumfar mata inda za a yi dambu da alkaki da nakiya da fura a gaban jama'a, a sayar a kan farashin da mai 'ya'ya biyar zai iya saya. A sa gasar kacici-kacici da karin magana tsakanin makarantun firamare na Dutsin-Ma da na Kurfi, a sa dara ga dattawa, langa ga yara. Ɗalibai Yarabawa da Ibo da Tibi da sauransu su ma a ba su fili su nuna nasu, domin yaron gari ya san cewa mai hayar gidansu shi ma ɗan wasu ne, da abincinsu da tarihinsu. Kuma a biya masu sana'ar nan haƙƙin yininsu. Kuɗin da ake kashewa wajen buga riguna da sayen kyautar babban baƙo ya isa ya sallami maƙera da masaƙa 20, har a ɗauko musu mota daga Kurfi a mayar da su.

Na san za a ce mini malamai ba za su yarda ba, saboda kiɗa da cakuɗuwar maza da mata. Wannan damuwa ce ta gaskiya, kuma ba a maganinta da kiran mutane masu tsattsauran ra'ayi. Wasu bukukuwan ɗalibai sun rikiɗe sun koma casu da kiɗan zamani har dare, wanda babu magidancin da zai kai iyalinsa. Maganin shi ne a zauna da limamai da hakimai da shugabannin mata tun wajen tsarawa, a fara da hantsi, a tsaya a yi salla a kan lokaci, a tashi da la'asar. A kuma tuna cewa rubutun allo da zayyana da ajami da waƙen bara na tsofaffi su ma fasaha ce ta Bahaushe, kuma alarammomin garin suna da gurbi a wannan fili kamar kowa. Za a kuma ce tara jama'a haɗari ne a irin wannan yanayi. Hukuncin wannan yana hannun jami'an tsaro da hukumar makaranta, ba hannuna ba, amma ana taron yaye ɗalibai, ana taron siyasa, ana hawan Salla, duk da jama'ar da ta ninka wadda nake magana a kai. Harabar da ke cikin gari ta fi dacewa, domin mai goyo ta iya zuwa da ƙafa ta koma gida kafin rana ta faɗi.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, cikin Nuwamba ko Disamba, sa'ad da manomi ya sami sarari, rana kuma ba ta da zafi. Kafin nan sai a tura ɗalibai, kowane ya je unguwarsu ko ƙauyensu ya rubuto sunayen masu sana'ar da suka rage da shekarunsu. A fara gayyata daga waɗanda suka fi tsufa. Masaƙin nan da na ba da labarinsa, na aika a nemo mini shi bayan shekara biyu domin in ɗauki muryarsa, aka ce mini ya rasu da damina, 'ya'yansa kuma sun sayar da zaren, sun yi makamashi da katakon.