Jirgi Mai Inji Ɗaya: Abin da Ya Riƙa Kayar da DH.34

Mazauna Gwagwalada sun saba da ƙarar jirgin sama, tun da filin jirgi na Nnamdi Azikiwe ba shi da nisa da garin. Wanda ya lura zai ga duk babban jirgin fasinja da ke sauka a can injinsa biyu ne aƙalla. Da rayukan mutane aka sayi wannan tsari, kuma wani ɓangare na labarin ya faru ne a kan wani ƙaramin jirgin Ingila mai suna DH.34.

Kamfanin de Havilland ne ya ƙera shi, ya fara tashi a watan Maris na 1922, cikin 'yan kwanaki kuma ya shiga jigila tsakanin Croydon, kusa da Landan, da birnin Paris. Jikinsa katako ne, fiffikensa hawa biyu, fasinjansa bai wuce tara ko goma ba. Matuƙa suna zama a gaba, kansu a waje iska na dukansu. Inji ɗaya tak gare shi a hanci, ƙirar Napier Lion, mai ƙarfin doki 450. An ma yanka ƙofar ɗakin fasinja da wata irin siffa don a iya shigar da injin safaya sukutum, a kai wa jirgin da nasa ya lalace a wani wuri. Wannan kaɗai ya isa ya nuna yadda maƙeran suka san halin injin zamaninsu. Guda goma sha biyu aka ƙera, kuma cikin shekara huɗu kimanin rabinsu sun salwanta a haɗari.

Mutum zai ɗauka cewa da inji ya mutu sai jirgi ya faɗo. Ba haka abin yake ba, kuma a nan ya kamata mu bi a hankali.

Inji ba shi ke riƙe jirgi a sama ba, fiffike ne. Aikin inji shi ne ya juya farfela ta ja jirgin gaba, iskar da ke gudu a kan fiffike kuma ita ke ɗaga shi. Fitar da tafin hannunka ta tagar mota a kan hanyar Gwagwalada zuwa Giri, ka ɗan ɗaga gefen gaba: iska za ta tura hannun sama. In direba ya rage gudu, sai ka ƙara ɗaga gefen kafin ka ji irin wannan turi. In ka ɗaga ya wuce kima, iskar ta daina bin bayan hannun, sai dai ta buge shi baya. Haka fiffike yake. Kowane jirgi yana da mafi ƙarancin gudun da in ya gaza kaiwa, fiffiken zai saki, hanci ya duƙa, jirgin ya rikito.

To, in inji ya mutu, matuƙi yakan sunkuyar da hancin jirgi kaɗan, ya riƙa gangarowa don gudun kada ya ragu, yana neman fili. In yana can sama sosai, yana da lokaci. In ko yanzu ya tashi, daƙiƙu kaɗan ke gare shi, ga gidaje a gabansa, ga zuciya tana gaya masa ya ja hancin sama ya tsallake su. Jan hancin nan shi ke cinye sauran gudun.

Matsalar DH.34 ita ce fiffikensa yakan saki da zarar gudu ya sauko kusan mil 63 a awa, wato wajen kilomita 100. A wancan zamani wannan gudu ne mai yawa ga jirgin da ake sa ran zai iya sauka a gona in ta ɓaci. Ranar 14 ga Satumba 1923, wani DH.34 na kamfanin Daimler Airway da ya nufi Manchester ya yi ƙoƙarin sauka kusa da Ivinghoe, gudu ya ƙwace wa matuƙin, mutum biyar da ke ciki suka rasu. Bayan haka aka ƙara wa fiffiken tsawo don ya jure ƙaramin gudu, aka kira sabon salon DH.34B.

Gyaran bai hana haɗarin jajibirin Kirsimeti ba. Ranar 24 ga Disamba 1924, wani DH.34 na kamfanin Imperial Airways ya tashi daga Croydon zuwa Paris, bai yi nisa ba ya faɗi a Purley ya kama da wuta. Matuƙi da fasinja bakwai duk suka rasu. A karon farko a Birtaniya aka zauna binciken haɗarin jirgin farar hula a bainar jama'a. An ji shaida cewa ma'aunin baƙin mai na injin ya yi ta hawa da sauka a kwanakin da suka gabaci haɗarin. Masu binciken sun wanke matuƙin, suka ce wata tangarɗa ce ta tilasta masa neman sauka, sannan fiffike ya saki. Suka kuma ce filin Croydon kansa bai wadatar ba, aka zo aka faɗaɗa shi. A ganina wannan zaman ya fi ƙarin tsawon fiffike amfani, domin shi ya sa aka dubi inji da fili da mai gyara gaba ɗaya, maimakon a jibga laifi a kan mamaci. A 1926 Imperial Airways ya ajiye sauran DH.34 ɗinsa, ya karkata ga jirage masu inji fiye da ɗaya.

Nan labarin ya iso ƙasar Hausa. Jiragen da suka fara sauka a Kano, ranar 1 ga Nuwamba 1925 a zamanin Sarki Usman, guda uku ne na sojan saman Ingila, ƙirar DH.9A, kowanne da inji ɗaya, ƙarƙashin Arthur Coningham, daga Masar. Soja kan yarda da irin wannan kasada. Amma da Imperial Airways ya buɗe hanyar Khartoum zuwa Kano a Fabrairun 1936, ta El Fasher da Fort Lamy da Maiduguri, da DH.86 mai inji huɗu ya zo. Shi ma ɗin yana da tabonsa, don biyu sun faɗi a Ostareliya a ƙarshen 1934.

Jirgi mai inji ɗaya bai ɓace ba. Injin yanzu ya fi na 1922 aminci nesa ba kusa ba, kuma Cessna Caravan, mai inji ɗaya, na ɗaukar fasinja a ƙasashe da dama. Irinsa ne marigayi Danbaba Suntai, gwamnan Taraba a lokacin, yake tuƙawa daga Jalingo ranar 25 ga Oktoba 2012, ya faɗi kusa da Yola. Shi da mutanensa sun tsira da rai, amma raunin bai bar shi ya koma yadda yake ba har ya rasu a 2017. Rahoton hukumar binciken haɗurran jirage ta Najeriya bai tsaya a kan yawan inji ba. Abin da ya jaddada shi ne rashin cikar takardun cancantar tuƙa wannan samfurin, da ci gaba da tafiyar da ake dogaro da gani da ido bayan rana ta faɗi.