Ƙagaggun Labaran 'Yan Sanda da 'Yan Fashi a Rubutaccen Zuben Hausa

Ma'ana

Labarin 'yan sanda da 'yan fashi wani nau'i ne na ƙagaggen labari wanda ake gina jigonsa a kan aikata babban laifi, musamman fashi da makami, da kuma faɗi-tashin da jami'an tsaro kan yi kafin su kai ga masu laifin. Ya bambanta da labarin jarumtaka irin na Iliya Ɗan Maiƙarfi, domin tauraronsa ba shi da layar zana, ba ya kuma samun taimakon aljanu. Makamansa su ne bincike da shaida da haƙuri da haɗin kan abokan aiki. Sau da yawa mai karatu kan san ɗan fashin tun daga babin farko. Abin da ke riƙe shi har ƙarshe shi ne yadda dubun mai laifin za ta cika.

Asali da Bunƙasa

Ɓarawo tsohon tauraro ne a adabin Hausa. Littafin Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, ɗaya daga cikin waɗanda gasar 1933 ta haifar, a kan dabarun ɓarayi aka gina shi. Sai dai ɓarawon wancan zamani da wayo yake sata, kuma dogarai da 'yan doka ne ke bin sawunsa. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 shi ya sauya al'amarin, domin bindigogi sun bazu a hannun jama'a, har gwamnatin soja ta kafa dokar kisa a kan 'yan fashi a 1970, aka kuma harbe Ishola Oyenusi a bainar jama'a a Legas a 1971.

Marubutan Hausa ba su daɗe ba suka ɗauki zancen. A Kitsen Rogo (1978), Abdulƙadir Ɗangambo ya nuna yadda saurayin ƙauye ya shiga birni ya faɗa hannun miyagu. A 1982 kuwa aka buga littattafai biyu na 'yan Katsina waɗanda suka yi fice a gasar Sashen Al'adu na Tarayya: Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, a kan fasa-ƙwauri da cin hanci, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, inda Mailoma ya tara gungun miyagu masu makamai bayan yaƙi. Daga baya marubutan Adabin Kasuwar Kano, irin su Bala Anas Babinlata mai Tsuntsu Mai Wayo, suka ci gaba da wannan layi, a lokacin da littattafan James Hadley Chase suka yi tashe tsakanin 'yan boko.

Wanda ya nazarci waɗannan littattafai zai lura da wani rauni. Marubutan sun fi ƙwarewa wajen fito da hoton mugu: suturarsa da karin maganarsa da maɓoyarsa duk sukan fito sarai. Ɗan sanda kuwa inuwa ce kawai, sai a shafukan ƙarshe yake bayyana da ankwa a hannu. Dalili kuwa a fili yake, marubuci ya san tasha da kasuwa, amma bai san abin da ake yi a bayan kanta ba.

Misali daga Ƙasar Daura

Ɗalibin da ya tashi a Daura ko Mai'aduwa ko Zango ko Ɓaure ko Sandamu ba ya buƙatar dogon sharhi kafin ya gane Turmin Danya, tunda masarautar tana iyaka da Jamhuriyar Nijar, kuma ya san abin da ake nufi da shingen kwastan na Kongolam. Akwai kuma abin da ya faru a cikin garin Daura. Ranar 1 ga Mayu, 2019, 'yan bindiga suka ɗauke Magajin Garin Daura, Alhaji Musa Umar Uba, daga ƙofar gidansa da magariba. Sai bayan wata biyu, a farkon Yuli, rundunar 'yan sanda ta musamman mai aiki da bayanan sirri, wato IRT, tare da 'yan sandan Kano suka kuɓutar da shi daga wani gida a unguwar Samegu a Kano. Garkuwa da mutum ce, ba fashi ba, amma zubin ɗaya ne: hari na ɗan lokaci, sai dogon shiru na bin diddigi, sannan samame. Tsakiyar nan, wadda ta fi tsawo ta kuma fi ƙarancin ƙarar bindiga, ita ce ma'aunin gwanintar marubuci, kuma ita aka fi tsallakewa.

Gaskiyar labari ba ta yarda a mai da irin waɗannan rundunoni mala'iku ba. Abba Kyari, wanda ya jagoranci IRT a lokacin, an dakatar da shi daga aiki a 2021, hukumar NDLEA kuma ta gurfanar da shi a gaban kotu a 2022. An rushe rundunar yaƙi da fashi ta SARS a Oktoban 2020 sakamakon zanga-zangar da aka yi a kan cin zarafin jama'a. Tun a 1987 ma, an zartar da hukuncin kisa a kan wani babban ɗan sanda, George Iyamu, saboda taimaka wa gungun Lawrence Anini a Benin. Saboda haka labarin da ya nuna ɓara-gurbi a cikin runduna bai wuce gona da iri ba.

Abin Lura ga Malami

A wajen koyarwa, ya kamata malami ya sa ɗalibai su raba labarin gida uku kamar yadda aka nuna a sama, su auna shafi nawa marubuci ya ba kowane kashi. Ya kuma ja hankalinsu ga inda labarin ya tsaya. Wanda ya ƙare da harbe wanda ake zargi a daji, ba caji ofis, ba mai gabatar da ƙara, ba alƙali, ya koya wa yaro cewa bindiga ce shari'a. Idan kuwa zai kawo misali daga abin da ya faru da gaske, sai ya fara sanin ajinsa, domin a Jihar Katsina ba wuya a sami ɗalibin da aka taɓa biya wa wani nasa kuɗin fansa.