Ciwon Baya da Tsufa: Ɗawainiyar da ke Ƙaruwa

Maƙasudinmu a wannan takarda shi ne mu nuna yadda ɗawainiyar ciwon baya mai daɗewa, wato wanda ya wuce wata 3, take ƙaruwa yayin da tsofaffi ke yawaita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne ke da ciwon ƙasan baya a 2020, kuma ana hasashen su kai miliyan 843 a 2050. A Amurka kaɗai, jinyar baya da wuya ta ci fiye da dala biliyan 134 a 2016. A ƙasashenmu kuwa, dattijon da ya kasa sunkuyawa a gona, iyalinsa ne ke ɗaukar asarar. Saboda haka muke goyon bayan shawarar hukumar ta 2023, wadda ta ƙarfafa motsa jiki da wayar da kan majiyyaci.