Ko ka sani? Injin da ke tsallakar da mutane daga Malanville zuwa Gaya

Tun 1958 gada ta haɗa Malanville ta ƙasar Benin da Gaya ta Nijar. Amma da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yulin 2023, sai jama'a suka koma bakin kogin Kwara, kwale-kwale ya ɗauki aikin mota. Ko ka san asalin ɗan injin nan da ke rataye a gindinsa?

Wani Bafaranshe, Gustave Trouvé, ya gwada irinsa mai aiki da batir a kogin Seine na birnin Paris a 1881. Wanda ya mai da shi hajar kasuwa kuwa Ole Evinrude ne, haifaffen Norway mazaunin Milwaukee a Amurka. Ana ba da labarin cewa wata rana da zafi ya tuƙa kwale-kwale da filafili don ya sayo wa budurwarsa askirim, kafin ya dawo ya narke. Haushin haka ya sa shi zaman ƙira, a 1909 ya fara sayar da inji mai ƙarfin doki ɗaya da rabi. Yamaha, wanda ya cika kogunanmu yau, sai 1960 ya shigo harkar. Shi kuwa injin Evinrude an daina ƙera shi a 2020.

In ka shiga jirgin, zauna kusa da matuƙi ka lura. Ba shi da sitiyari. Injin gaba ɗaya yake karkatawa da hannu guda, farfela ta tura ruwa gefe, jirgi ya juya. In an zo tudun yashi, ya ɗage injin sama.

Dubi kuma siririn ruwan da ke tsartuwa daga bayan injin. Wani ɗan famfon roba ne ke zuƙo ruwan kogi ya zagaya da shi ya sanyaya inji. Yashi ke cinye robar nan, ga shi tsohon sunan Malanville ma Tassi ne, wato yashi da Dandanci. Shi ya sa matuƙi ke yawan waiwaye: da tsartuwar ta tsaya zai kashe inji, ya jawo filafilin da Evinrude ya guje wa.