Sarƙewar Injin Tsohuwar Mota Mai Turbo da Hanyoyin Gano Musabbabinta

Daga cikin cututtukan da kan addabi tsohuwar mota, babu mai ruɗa makanike kamar wadda ba ta bayyana a gareji. A tashi motar, inji ya yi ta kaɗawa lafiya lau. A ba ta wuta a tsaye, ba a ji komai ba. Amma da zarar an hau babbar hanya, direba ya danne totur domin ya wuce wata tirela, sai motar ta shiga tari tana fizga, ƙarfinta ya yanke daidai lokacin da aka fi bukatarsa, ga kuma wata mota tana tahowa ta gaba. Wannan sarƙewa ita ce makanikai ke kira misin, watau silinda ta sha mai da iska amma wuta ta ƙi kamawa. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda ake bin sawun matsalar, tare da kafa misali da Saab 900 Turbo, motar ƙasar Suwidin da aka fara ƙerawa a 1978, wadda har bayan durƙushewar kamfaninta a 2011 ba a rasa masu riƙe da ita ba.

Shi turbo aikinsa ya yi kama da na zugazugin maƙeri. Farfela ce guda biyu a kan sanda ɗaya: hayaƙin da ke fita daga inji ya juya ta farko, ta biyun kuma ta riƙa ɗura iska cikin silinda fiye da yadda inji zai iya zuƙa da kansa. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1905. Idan mota na tsaye hayaƙi kaɗan ne, saboda haka turbo ba ya wani aikin kirki. Sai an ɗora wa inji nauyi yake farkawa, cutar kuma ta farka tare da shi.

Wuta ce abin tuhuma na farko, dalili kuwa tsohon sani ne. A 1889 wani Bajamushe, Friedrich Paschen, ya nuna cewa ƙarfin lantarkin da tartsatsi ke bukata kafin ya tsallake wata rata ya dogara ne a kan faɗin ratar da kuma matsin iskar da ke cikinta. Ke nan duk yadda turbo ya ƙara cusa iska, haka tsallaken ke ƙara yi wa tartsatsin fulogi wuya. Fulogin da bakinsa ya cinye, ratarsa ta buɗe, zai iya yin aiki a tsaye ba tare da gardama ba, amma ya gaza sa'ad da matsi ya hau. Lantarki kuwa kamar ruwa yake, inda ya ga sauƙi nan yake bi. In tsallake rata ya yi masa nauyi, sai ya sulale ta tsagar wayar fulogi, ko ta murfin distiributa da ya tsage, ya faɗa jikin inji.

Saboda haka makanike mai hankali kan fara da kwance fulogai ya jera su bisa tsarin silindoji. Launinsu shaida ne: ruwan ƙasa alamar lafiya, baƙi mai kunkunniya alamar mai ya yi yawa, fari fat kuma alamar ƙarancinsa. Sai a auna ratar. A irin wannan mota wajen milimita 0.7 ake nema, kuma sau da dama matse ratar da ta buɗe kaɗai kan kawar da sarƙewar nan take. A injin mai bawul 16, wanda ya fito a 1984, fulogai na zaune ne cikin ramuka masu zurfi, kuma baƙin mai kan tsiyaya daga murfin inji ya taru a ciki. Wayoyin kuwa da dare ake gwada su: a buɗe bonet cikin duhu, a yayyafa musu ruwa kaɗan, in suna yoyon wuta za a ga shuɗin tartsatsi yana rawa a kansu. Bayan su sai koyil. Abin takaici, akwai masu fara sauya turbo ɗungurungum, su kashe kuɗi mai yawa, alhali laifin na fulogai huɗu ne.

Idan wuta ta kuɓuta, sai a koma ga iska. Tsofaffin tiyo na roba kan tsage, tsagar kuma ba ta buɗewa sai matsi ya kumbura ta. Na'urar awon iska ta riga ta ƙidaya iskar, an kuma zuba mai daidai da ita, sai wani kaso ya tsere a hanya. Sakamakon shi ne mai ya rinjayi iska, baƙin hayaƙi ya fito, wani lokaci har da ƙara kamar fito.

Ƙarancin mai shi ne ya fi haɗari, ko da yake sau da yawa alamarsa ta fi laushi. Famfon mai da ya gaji, ko matacin mai da ya toshe, na iya ƙosar da inji a cikin gari amma su gaza a kan tudu. Inji mai ƙishirwa yakan yi zafi ƙwarai, fetur ya riƙa fashewa ba bisa ƙa'ida ba, a ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani. Direban da ya ci gaba da danne totur a wannan hali zai iya huda fistin. Domin maganin wannan ne Saab ya fito da tsarin APC a 1982, wanda ke sauraron wannan ƙara ya rage matsin turbo da kansa. To amma na'urar da ta shekara arba'in ba abin dogaro ba ce sai an gwada ta. Hanyar tabbatarwa ita ce a ɗaura ma'aunin matsin mai, a hau hanya, wani na tuƙi wani na kallon allura. In ta faɗi sa'ad da turbo ya kama, an gano ɓarawon.

Akwai kuma abin da ke kama da misin amma ba shi ba ne. A cikin wannan mota an sa wani makunni da ke katse famfon mai idan matsi ya wuce iyaka. Shi wannan ba tari yake jawowa ba, yankewa ce farat ɗaya, kamar an ci birki, kuma a daidai lokacin allurar turbo takan kasance cikin jan layi. A nan fulogi ba shi da laifi. Abin dubawa shi ne ƙofar da ke karkatar da rarar hayaƙi daga turbo, da ɗan siririn tiyon da ke buɗe ta, domin shi ne yakan bushe ya zame daga mazauninsa.