Malamin Da Ya Rubuta Wa Yara Magana Jari Ce

Kusan kowane ɗayanmu a wannan kwaleji ya karanta Magana Jari Ce, ko kuwa an karanta masa. Amma na lura da yawa suna ɗaukarsa littafin manya ne, na jarrabawa da lacca. A'a, domin 'yan makaranta aka yi shi, wanda ya rubuta shi kuwa malamin aji ne, irin aikin da mu ke shirin kamawa. Shi ya sa na ga ya kamata in ɗan ba da labarinsa.

An haifi Abubakar Imam a Kagara cikin 1911. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, da ya gama aka ba shi koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Cikin 1933 Dokta Rupert East, wanda ke shugabancin ofishin fassara a Zariya, ya sa gasar rubuta labarai da Hausa. Imam ya aika da Ruwan Bagaja, wansa Malam Bello Kagara ya aika da Ganɗoki, aka buga duka biyu. East ya ga yadda alƙalamin saurayin nan ke tafiya, sai ya roƙa aka ba shi aron sa. Cikin 1936 Imam ya tafi Zariya, ya zauna wata shida.

To, a nan ne abin ya ke. Makarantu ba su da littafin Hausa da yaro zai karanta don daɗi. East ya tara masa littattafan labarai na ƙasashe dabam dabam, na Larabawa irin su Alfu Laila, da na Indiya, da na Turai irin tatsuniyoyin Grimm. Da wani ne, da sai ya fassara su yadda su ke, yaro ya yi ta fama da sunayen da bakinsa ba ya iya kamawa. Imam bai yi haka ba. Ya kan karanta labari, ya tuɓe masa kayan ƙasarsu, ya sa masa riga da rawani. Gidan sarautar Turai ya zama fada mai dogarai, mutanen ciki su zama su Kalala da Kalalatu, har yaro ya rantse a bayan garinsu abin ya faru.

Sa'an nan ya ɗinke labarun da zare guda. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida. Waziri yana so yaron ya fita don a hallaka shi, aku kuwa ya dinga tsare shi da labari kowane dare har gari ya waye. Ku duba dabarar nan da kyau, gama ta malami ce. Yaron da ke cikin littafi an riƙe shi da labari kada ya fita, yaron da ke kan benci shi ma an riƙe shi kada hankalinsa ya fita ta taga. Ga labarun gajeru, kowanne ya isa darasi ɗaya. An fara buga littafin cikin 1937, kashi uku ne.

Daga baya Imam ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara ta cikin 1939, ya riƙe manyan ayyukan gwamnati, ya rasu cikin 1981.

Saura batun hoto. Aikin Imam magana ce, kuma Magana Jari Ce na yaron da ya riga ya iya karatu ne. Akwai zane jefi jefi, amma rubutu ya fi yawa nesa. Ɗan aji ɗaya fa? Shi hoto ya kan fara karantawa kafin baƙi. A Ingila an yi wata mace, Beatrix Potter, wadda ta haɗa sana'ar biyu. Cikin 1893 ta rubuta wa wani yaro ɗan shekara biyar da ke kwance ba lafiya wasiƙa, ta ba shi labarin wani zomo mai ƙin ji, ta zana zomon a jikin takardar. Masu buga littattafai suka ƙi karɓa, ta buga guda 250 da kuɗinta cikin 1901, sai a 1902 kamfanin Frederick Warne ya ɗauka. Ta nace a yi littafin ƙarami, daidai hannun yaro, da araha, magana kaɗan a wannan shafi, hoto a wancan. Ta kuwa yi kiwon zomaye a gida tana kallonsu, don haka nata zomon ko da ya sa riga, zomo ne sosai.

Da na yi gwajin koyarwa a wata firamare a Karmo, ajina ya haɗa 'ya'yan Gbagyi da Hausawa da Ibo da Tibi, kusan dukansu suna jin Hausa a kan titi. Littattafan hoton da na samu ba su kai cikin hannu ba, na Turanci ne, cike da dusar ƙanƙara da tuffa. Sai na riƙa ɗaukar labari ɗaya daga Magana Jari Ce, in taƙaita shi jimla shida, in zana hoto shida a allo da alli. Akuna ya fi kama da kaza, yara suka yi ta dariya, amma kashegari wata yarinya da ba ta taɓa buɗe baki ba ta tashi ta bi hotunan ɗaya ɗaya ta maimaita labarin duka.

A cikinmu akwai masu iya zane, na ga abin da su ke yi a bayan littattafan rubutunsu lokacin lacca. Akwai kuma masu bakin tatsuniya. Ina roƙon malamin zane da malamin Hausa su haɗa mu biyu biyu a zangon nan, kowane biyu su fito da littafi ɗaya mai shafi takwas, mu tafi da su gwajin koyarwa mai zuwa.