Ragamar Igiya Don Shanu: Yadda Ake Haɗa Ta da Yadda Take Aiki

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bayyana yadda ake haɗa ragamar shanu da igiya guda ɗaya tak, ba tare da ƙarfe ko fata ba, da kuma dalilin da ya sa ta fi sauran hanyoyin riƙe dabba ƙarancin haɗari. Bahaushe ya daɗe da sanin ragama, amma galibi a kan doki yake ganinta, kamar yadda ya san akala a kan raƙumi. Shanun garke kuwa, da sanda da murya makiyayi yake bi da su, igiyar da ya fi bukata ita ce dangwalin maruƙa. Bukatar riƙe sa guda a hannu ta ƙaru ne tun daga ƙarshen shekarun 1920, lokacin da aka fara koya wa manoman Arewacin Nijeriya huɗa da shanu. Daga baya yaɗuwar kiwon turke da allurar rigakafi suka daɗa ƙarfafa wannan bukata. Duk wanda zai yi wa sa allura, ko ya ɗura masa magani, ko ya hore shi ga karkiya, tilas ya fara mallakar kansa, domin inda kan sa ya juya nan gangar jikinsa take bi.

2.0 Hanyoyin da Aka Saba da Su

Hanyoyi uku aka fi bi wajen riƙe sa. Ta farko ita ce zarga igiya a wuya. Aibinta shi ne, in dabba ta tsorata ta ja da baya, zargen yakan shaƙe maƙogwaro, kuma gwargwadon shaƙewa gwargwadon ƙaruwar firgita. Ta biyu ita ce ɗaurin ƙaho. Wannan yana yiwuwa ga Bunaji da Rahaji masu dogayen ƙahoni, amma bai cika kama Bokoloji ba, saboda ƙahonsa gajere ne, maraƙi kuwa ƙahonsa bai yi ƙwarin da za a ja shi ba. Har ga mai dogon ƙaho ma, igiyar takan goge fatar gindin ƙahon ta bar gyambo wanda ƙuda zai bi. Ta uku ita ce asirka, wato huda hanci a zura igiya. Tana da ƙarfin mallaka ƙwarai, sai dai da ciwo take aiki, kuma fizga ɗaya mai tsanani tana iya yaga hancin. Ragama ta bambanta da waɗannan duka, domin tana raba nauyin ja ne a kan ƙeya da karan hanci da ƙarƙashin haɓa, wuraren da ƙashi ya tokare.

3.0 Kayan Aiki

Ana bukatar igiya mai tsawon mita 4 zuwa 4.5, wato kimanin gaba biyu da rabi, mai kaurin milimita 12, kwatankwacin ɗan yatsa. Ga maraƙi, mai kaurin milimita 10 ta wadatar. Sharaɗi babba shi ne igiyar ta kasance mai sili uku, domin aikin gaba ɗaya ya dogara ne a kan buɗe tufkar a zura igiya ta cikinta.

Igiyar rama tana da daɗin riƙo kuma ba ta santsi, amma takan ƙanƙance in ta jiƙe, ta kuma ruɓe in aka ajiye ta da danshi. Ta kaba tana da kaushi, takan kuma yi saurin tsinkewa in ta bushe ƙayau. Ta roba ba ta ruɓewa, sai dai tana ƙone tafin hannu in dabba ta fizga. Ban da igiya, sai wuƙa da ɗan zare mai ƙarfi.

4.0 Yadda Ake Haɗawa

Mataki na farko shi ne tsare bakunan igiyar biyu kada su warware. In ta rama ce, sai a naɗe su da zare tamau, in kuwa ta roba ce, a ɗan ƙona su da wuta.

Na biyu, a auna santimita 30 zuwa 38 daga baki ɗaya, wato taƙi ɗaya da rabi ko sama da haka kaɗan, gwargwadon girman kan dabbar. Wannan guntun shi ne zai kwanta a kan hanci, saboda haka za mu kira shi gajeren ɓangare, ragowar kuwa dogon ɓangare.

Na uku, a ɗan gaba kaɗan da wurin da aka auna, a murɗa igiyar saɓanin tufkarta har ta buɗe, a ɗaga sili biyu, a zura gajeren ɓangare ta ƙarƙashinsu. A ja shi har ya bar ɗan zobe wanda faɗinsa ya ninka kaurin igiyar sau biyu. Wannan zobe shi ne idon ragama.

Na huɗu, a buɗe tufkar gajeren ɓangare daf da idon, a zura dogon ɓangare gaba ɗaya ta ciki, a ja ya zauna. Yanzu ɓangarorin biyu sun ratsa juna, don haka idon ba zai ƙara faɗi ba, ba kuma zai tsuke ba.

Na biyar, a koma bakin gajeren ɓangare. A bar kamar santimita 5, a kama igiyar da hannu biyu kusa da juna, a murɗa saɓanin tufka tare da tura hannuwan su haɗu. Kowane sili zai lanƙwashe ya zama ƙaramin zobe. A jera zobban nan uku su daidaita.

Na shida, a zura bakin dogon ɓangare ta cikin zobban uku, a bar babban da'ira wadda za ta hau ƙeya, sannan a dawo da bakin a zura shi ta idon ragama. Abin da ya fito ta idon shi ne igiyar ja. Ragama ta haɗu ke nan, babu ƙulli ko ɗaya a jikinta.

5.0 Sanyawa da Riƙewa

Ana tsayawa ne ta hagun dabba, kusa da kafaɗarta, domin saniya tana gani kusan ko'ina a kewayenta ban da daidai bayanta. A fara rataya babbar da'ira a bayan kunnuwa da ƙahoni, sannan a sa baki ta tsakanin gajeren ɓangare da igiyar haɓa. Idon ragama ya kasance a kuncin hagu. Gajeren ɓangare ya kwanta tsakiyar tazarar da ke tsakanin idanu da ƙofofin hanci. In ya yi sama zai goge ido, in ya yi ƙasa zai danne guringuntsi ya tauye numfashi. Kuskuren da aka fi yi shi ne juya ragamar, har ɓangaren da ke tsukewa ya koma kan hanci ko ƙeya, alhali ƙarƙashin haɓa ne wurinsa.

A nan hikimar ragama take. In dabba ta turje, igiyar haɓa takan matse, in ta tako gaba sai ta sassauta nan take. Da haka dabbar take gane cewa sauƙinta yana cikin biyo mai ja. Wajibi ne mai riƙo ya saki hannu da zarar ta tako, in ba haka ba, babu abin da za ta koya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka horon maraƙi ya fi na bijimi sauƙi.

Akwai abubuwa huɗu da ya kamata a kiyaye. Kada a naɗa igiyar ja a hannu, domin babban sa yana iya jan mutum a ƙasa ko ya karya masa yatsu. In za a ɗaure a turke, a yi zargen da ake kwancewa da ja ɗaya, kuma kada a tafi a bar dabbar da ba ta saba ba, domin in ta faɗi ta kasa tashi cikinta yana iya kumbura. Kada a bar ragama a kan maraƙi na tsawon makonni, saboda yana girma, igiyar kuwa tana nan yadda take, har ta shige cikin fata. Ragamar da aka sa wa dabba mai kirci kuma, a wanke ta a shanya kafin a sa wa wata.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a ga cewa ragama ba ta bukatar komai sai igiya mai sili uku da sanin inda ake buɗe tufka. Ragama ɗaya tana yi wa dabbobi masu girma dabam-dabam, tunda ana iya ƙara ko rage da'irar ƙeya ta zobban nan uku. Shawarar wannan takarda ita ce sassan koyar da aikin gona na kwalejojin ilimi su sa haɗa ragama cikin darussan aikin hannu, kowane ɗalibi ya haɗa tasa ya kuma sanya ta a kan dabba kafin ya gama karatu. Malamin da ya iya wannan zai koya wa 'ya'yan manoma da makiyaya a duk ƙauyen da aka tura shi.